Ƙauyen da ƙidaya ta yi ta tsallakewa: yadda Indiya da Bangaladash suka ƙirga mutanensu da ke zaune a cikin ƙasar juna

Shimfiɗa

Wannan nazari ya bi lamarin wani ƙauyen manoma da ke gundumar Kurigram a arewacin Bangaladash, wanda har zuwa tsakiyar 2015 mallakar Indiya ne a kan taswira, alhali gabas da yamma, kudu da arewa, ƙasar Bangaladash ce ta kewaye shi. Mutanensa 'yan Indiya ne a doka, amma ba su da hanyar isa Indiya sai sun ratsa ƙasar da ba tasu ba. Ba a ambaci sunan ƙauyen ba domin abin da ya same shi shi ne ya sami takwarorinsa, kuma alƙaluman da za a kawo na jimillarsu ne. Irin waɗannan gutsattsarin ƙasa, waɗanda mutanen yankin ke kira chitmahal, kafin musayar 2015 Indiya tana da 111 a cikin Bangaladash, ita kuma Bangaladash tana da 51 a cikin Indiya, bisa lissafin da gwamnatocin biyu suka amince da shi daga baya.

Tambayar da ta gagari hukumomi fiye da shekara 60 gajeriya ce: mutum nawa ne 'yan wannan ƙasa ke zaune a cikin waccan ta wannan hanya, kuma nawa ne na waccan a cikin wannan?

Asalin matsalar, 1713 zuwa 1952

Tushen abin yana komawa ga yaƙe-yaƙe tsakanin daular Mogul, wadda ke mulkin yawancin Indiya a lokacin, da masarautar Koch Bihar, waɗanda aka rufe da sulhu a 1713. Sulhun ya bar wa kowane ɓangare filayen da ke hannun mutanensa a lokacin, ko da filayen suna tsakiyar ƙasar abokin hamayya. Labarin da ake yawan bayarwa cewa sarakuna ne suka riƙa cinye ƙauyukan juna a wasan dara almara ce mai daɗin ji, amma babu takardar tarihi da ta tabbatar da shi.

A zamanin mulkin Birtaniya wannan bai dami kowa ba. Manomin ƙauyen yana biyan harajinsa ga Koch Bihar, yana cin kasuwar da ta fi kusa da shi, yana aurar da 'yarsa a ƙauyen maƙwabta, kuma abin da kawai ke nuna iyaka shi ne 'yan turakun kankare da ke tsaye a tsakiyar gonakin shinkafa. A 1947 aka raba ƙasa zuwa Indiya da Pakistan, gundumar Rangpur, wadda Kurigram ke ƙarƙashinta a lokacin, ta faɗa cikin Pakistan ta Gabas, wadda ta zama Bangaladash a 1971. Layin iyakar da lauyan Birtaniya Cyril Radcliffe ya ja bai taɓa Koch Bihar ba, domin masarauta ce mai sarkinta, sai a 1949 ta shiga cikin Indiya. Daga ranar ƙauyen ya zama ɗigon Indiya a cikin Pakistan.

Abin da ya kulle ƙofa shi ne tsarin fasfo da biza da ƙasashen biyu suka kafa a 1952. Mai son fasfo sai ya je ofishin ƙasarsa, kuma ba zai isa ofishin ba sai ya ƙetare iyaka, ƙetare iyaka kuwa ba ta halatta sai da fasfo. Haka ma ta ɓangaren gwamnati: malamin ƙidaya, da ɗan sanda, da mai karɓar haraji, da mai allurar rigakafi, babu wanda zai shiga ƙauyen sai da iznin ƙasar da ta kewaye shi. Daga wannan lokaci ƙidayar Indiya ba ta isa ƙauyen, ƙidayar Pakistan kuma, da ta Bangaladash bayan 1971, ba ta da hurumin shigarsa.

Shekarun ƙiyasi, 1952 zuwa 1996

A wannan tsawon lokaci an yi yunƙurin warware rikicin ta fuskar siyasa sau biyu. A watan Satumba na 1958 Firayim Ministan Indiya Jawaharlal Nehru da na Pakistan Feroz Khan Noon suka amince a yi musayar yankunan, sai maganar ta maƙale a kan wani wuri mai suna Berubari, kotun ƙolin Indiya ta ce a 1960 ba a miƙa ƙasa sai da gyaran kundin tsarin mulki, shari'u suka biyo baya, yaƙin 1965 ya zo ya binne zancen. A ranar 16 ga Mayu, 1974, Firayim Ministar Indiya Indira Gandhi da takwaranta na Bangaladash Sheikh Mujibur Rahman suka sa hannu a kan sabuwar yarjejeniyar iyaka. Majalisar Bangaladash ta tabbatar da ita a shekarar, ta Indiya ba ta yi ba. Yarjejeniyar ta ƙunshi wani sharaɗi da zai yi amfani shekaru da yawa bayan haka: duk wanda ke zaune a yankin da za a miƙa yana da damar ci gaba da zama a inda yake, a matsayin ɗan ƙasar da aka miƙa wa yankin. Sai dai a duk waɗannan tattaunawa ana magana ne a kan eka. Faɗin filayen yana rubuce a takardun safiyo, yawan mutanen da ke kansu kuwa babu wanda ya riƙe.

Giɓin sai masu bincike da 'yan jarida da 'yan siyasa suka cike shi da ƙiyasi, kuma alƙaluman suka yi ta yawo daga 50,000 zuwa 100,000, wasu ma sun zarce haka nesa ba kusa ba. Hanyoyin da aka bi sun cancanci a duba su, domin kowace da inda ta gaza.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki tsohon adadi na farkon shekarun 1950 a riƙa ɗora masa ƙaruwar jama'a ta yankin. Wannan yana ɗauka cewa mutanen ƙauyen suna nan inda suke, suna hayayyafa kamar maƙwabtansu. Ba haka abin ya kasance ba. Duk lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasashen, ko rikicin addini ya tashi, wasu iyalai kan sayar da gonakinsu ko su yi musayarsu su ƙaura, musamman mabiya addinin Hindu da suka koma cikin Indiya, sai manoman Bangaladash na kewaye su maye gurbinsu. Bayan shekara 30 ko 40, mutanen da ke cikin ƙauyen ba lalle ne su zama jikokin waɗanda aka ƙirga da farko ba.

Hanya ta biyu ita ce a ninka faɗin ƙasa da cunkoson jama'ar gundumomin da ke kewaye. Lissafin yana da sauƙi. Yankunan Indiya da ke cikin Bangaladash eka 17,160 ne, na Bangaladash da ke cikin Indiya eka 7,110, jimilla kimanin murabba'in kilomita 98. Gundumar Koch Bihar, ta jihar Bengal ta Yamma a Indiya, a 2011 tana da mutum kusan 830 a kowane murabba'in kilomita, don haka wanda ya bi wannan hanya zai fito da fiye da mutum 80,000. Abin da lissafin bai gani ba shi ne cewa wurin da babu makaranta, babu asibiti, babu wutar lantarki, babu ɗan sanda, ba ya riƙe jama'a kamar wurin da ke da su. Da yawa daga masu gonakin suna kwana a waje, su shigo noma da safe su fita da yamma. Wasu yankunan kuma babu kowa a cikinsu. Misalin da aka fi sani shi ne Dahala Khagrabari, gona ce da ba ta kai eka 2 ba, wadda kafin 2015 ta Indiya ce, a cikin yankin Bangaladash, shi kuma a cikin yankin Indiya, shi kuma a cikin ƙasar Bangaladash, kamar ƙwarya cikin ƙwarya. Ana noma a cikinta, amma ba gida ko ɗaya.

Hanya ta uku, wato neman sunayen mutanen a takardun hukuma, ita ce ta fi ruɗarwa, kuma a nan ne halin ƙauyen ya fi fitowa fili. Mace mai naƙuda idan aka kai ta asibitin garin da ke kusa, ba za a karɓe ta da adireshin Indiya ba, sai a rubuta adireshin wani ɗan'uwa na waje, wani lokaci har a rubuta sunan wani mutum dabam a matsayin mijinta. Yaron da aka haifa haka, idan lokacin makaranta ya yi, da wannan suna da wannan adireshi zai shiga, da su zai rubuta jarrabawa, da su zai sami takardar shaida. Wasu manya sun bi wannan hanya har suka shiga rajistar masu zaɓe ta ƙasar da ta kewaye su. Sakamakon shi ne mutum guda yana iya kasancewa ɗan Indiya saboda inda ɗakinsa yake, ɗan Bangaladash a takardar makarantarsa, ba kowa ba kuma a littafin ƙidayar Indiya. Idan ya tsallaka zuwa Indiya neman aiki, ba shi da abin da zai nuna, ana iya kama shi a ƙarƙashin dokar baƙi ta 1946 a matsayin baƙon haure a ƙasar da doka ta ce tasa ce. Mutumin da ya rayu haka ba shi da dalilin gaya wa baƙo mai takarda da biro gaskiyar inda aka haife shi.

Akwai kuma saɓani a kan abin da ake ƙirgawa tun farko. Wasu lissafe-lissafen sun ce yankunan sun kusa 200, domin sun haɗa da ƙananan da ke cikin manya da waɗanda ba za a yi musayarsu ba. Mafi girma a cikin waɗannan shi ne Dahagram da Angarpota, yankin Bangaladash mai dubban mutane wanda yarjejeniyar 1974 ta bar mata, aka kuma haɗa shi da ita ta wata 'yar hanya mai suna Tin Bigha, mita 178 a tsawo da 85 a faɗi, wadda aka buɗe a ranar 26 ga Yuni, 1992. Wanda ya sa shi a lissafi da wanda ya cire shi ba za su taɓa samun adadi ɗaya ba.

Daidaita jerin wurare, 1997 zuwa 2007

Matakin da ya fara sauya lamarin bai shafi mutane ba. A 1997 ƙasashen biyu suka amince da jeri guda na yankuna 162 da za a yi musayarsu, kowane da sunansa da faɗinsa. A ɓangaren Bangaladash, 59 suna gundumar Lalmonirhat, 36 a Panchagarh, 12 a Kurigram, 4 a Nilphamari, kuma ƙauyen da ake magana a kansa yana cikin 12 ɗin nan. A 2001 aka kafa kwamitocin haɗin gwiwa kan iyaka. A watan Mayu na 2007 tawagar jami'an ƙasashen biyu ta ziyarci wasu daga cikin yankunan, ta dawo da bayanin cewa mazauna ba sa son barin gonakinsu, sun fi son zama 'yan ƙasar da suka rayu a cikinta. Ziyara ce, ba ƙidaya ba, amma ta nuna cewa jami'in Indiya zai iya shiga ƙauyen muddin yana tare da takwaransa na Bangaladash.

Ƙidayar haɗin gwiwa, 14 zuwa 17 ga Yuli, 2011

A 2011 ƙasashen biyu duk sun yi ƙidayarsu ta ƙasa, Indiya a watan Fabrairu, Bangaladash a watan Maris. Indiya ta ƙirga mutum fiye da biliyan 1.2, kuma 'yan ƙasarta na wannan ƙauye ba sa ciki. Sai a watan Yuli, tsakiyar damina, ana shirin ziyarar Firayim Ministan Indiya Manmohan Singh zuwa Dhaka, babban birnin Bangaladash, aka tura tawagogi masu ɗauke da jami'an ɓangarorin biyu su bi yankunan gida-gida, a kwanaki huɗu, a ɓangarorin iyakar biyu lokaci guda, suna rubuta mutane da sunayensu.

Adadin da ya fito shi ne 51,549: mutum 37,334 a yankunan Indiya da ke cikin Bangaladash, da 14,215 a yankunan Bangaladash da ke cikin Indiya. Idan aka raba wannan a kan faɗin ƙasar, ana samun mutum kusan 525 a murabba'in kilomita, wato ƙasa da kashi biyu cikin uku na cunkoson Koch Bihar. Adadin ya faɗo a ƙasan kusan duk ƙiyasin da aka saba ji. A ranar 6 ga Satumba, 2011, aka sa hannu a Dhaka a kan ƙarin yarjejeniyar da za ta aiwatar da ta 1974.

Jinkiri, 2011 zuwa 2015

Jerin sunayen ya kwanta a ofis shekara huɗu. An gabatar da ƙudurin gyaran kundin tsarin mulki a majalisar Indiya a watan Disamba na 2013, ya gamu da adawar jam'iyyar BJP da ta gwamnatin jihar Bengal ta Yamma da wasu 'yan siyasar jihar Assam, waɗanda hujjarsu ita ce Indiya za ta bayar da eka 17,160 ta karɓi 7,110. Bayan zaɓen 2014 gwamnatin Narendra Modi ta sauya matsayin jam'iyyarta ta BJP, zaurukan majalisar Indiya biyu suka amince da ƙudurin a ranakun 6 da 7 ga Mayu, 2015, ya zama gyara na 100. A ranar 6 ga Yuni aka yi musayar takardun amincewa a Dhaka. A tsawon waɗannan shekaru an haihu a ƙauyen, an mutu, an kawo amare daga waje, an kai wasu waje, don haka jerin 2011 ya tsufa kafin a yi aiki da shi.

Zagaye na biyu, 6 zuwa 16 ga Yuli, 2015

An tura tawagogi 75 na haɗin gwiwa da masu sa ido 30 daga gwamnatocin biyu. Aikinsu biyu ne: su sabunta jerin 2011, sannan su tambayi mutane ƙasar da suka zaɓa. Ba sabuwar ƙidaya aka yi daga tushe ba. Wanda sunansa ke cikin jerin 2011 shi ne ke da damar zaɓi, tare da 'ya'yan da aka haifa masa da wanda ya shigo gidan ta hanyar aure bayan haka.

A nan ne koke-koke suka taso. Akwai waɗanda a kwanaki huɗun nan na 2011 suna ci-rani a Delhi da wasu birane, ba wanda ya rubuta su. Akwai waɗanda suna nan amma suka ɓoye, saboda suna riƙe da katin zaɓen Bangaladash suna tsoron a gane. Akwai kuma iyalan da suka gudu daga yankunan shekaru da yawa da suka wuce suna zaune a Indiya ba takarda, waɗanda tun farko tsarin ƙirga mazauna bai shafe su ba. A 2011 da yawa ba su san cewa wannan takarda ita ce za ta zama ƙofar zama ɗan ƙasa ba. An kuma yi zargin cewa a wasu yankunan an matsa wa masu son komawa Indiya lamba su janye.

Sakamako

Sabon adadin ya zama 53,384: mutum 38,521 a tsofaffin yankunan Indiya, da 14,863 a tsofaffin yankunan Bangaladash. Ƙarin 1,835 a shekara huɗu ya yi daidai da abin da haihuwa da aure za su iya kawowa, wanda ke nuna cewa zagayen biyu sun dace da juna. Dukan mutum 14,863 sun zaɓi zama a Indiya. A ɗaya ɓangaren, mutum 989 ne kawai suka zaɓi komawa Indiya, galibinsu mabiya Hindu amma har da Musulmi.

Da tsakar daren 31 ga Yuli, 2015, aka yi musayar, mazauna suka kunna kyandirori 68, ɗaya ga kowace shekara tun 1947, ƙauyen ya zama ƙasar Bangaladash. Waɗanda suka zaɓi tafiya an ba su zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kimanin 920 ne suka ƙetara a ƙarshe, aka sauke su a sansanonin Dinhata da Mekhliganj da Haldibari. Adadin ya shafi kuɗi kai tsaye. Tanadin farko na tsugunarwa, wanda aka gina a kan zaton dubban mutane za su kwararo, ya kai kusan rupi biliyan 30, abin da gwamnatin Indiya ta amince da shi bayan an san adadin kuwa kimanin biliyan 10 ne. A watan Mayu na 2016 sababbin 'yan Indiya suka kaɗa ƙuri'a karo na farko a zaɓen jihar Bengal ta Yamma.

Abin da ya yi aiki, da abin da ya rage

Ƙiyasin shekara 60 ya gaza ba don masu yinsa ba su iya lissafi ba, sai don kowane ya ginu a kan zaton cewa ƙauyen kamar maƙwabtansa yake, alhali rashin hukuma ya riga ya sauya yawan mutanensa da irinsu da sunayen da suke amsawa. Ƙidayar 2011 ta yi nasara ne da farko saboda aikin 1997: sai da aka daidaita a kan wuraren, kafin maganar mutanen ta yiwu. Tafiya tare ta warware matsalar izni, ta kuma hana kowane ɓangare ƙaryata adadin daga baya, tunda jami'insa yana wurin aka rubuta. Amma a ganina abin da ya fi nauyi shi ne sharaɗin 1974. Mutumin da ya san cewa faɗin gaskiya ba zai jawo a kore shi daga gonarsa ba zai faɗe ta, kuma da an shiga ƙauyen da tambaya iri ɗaya ba tare da wannan tabbaci ba, da adadin da za a samu ya fi haka ƙanƙanta.

Kuskuren da aka yi shi ne ɗora wa ƙidayar kwana huɗu nauyin da ba a yi ta dominsa ba. A matsayin amsar tambayar mutum nawa ne, 51,549 adadi ne mai kyau. A matsayin rajistar da ke tantance wanda zai zama ɗan ƙasa, ta bar mutanen da laifinsu kawai shi ne neman abinci a wani gari a makon da aka zo. Shekara huɗun da aka ɓata ana jayayya a majalisa sun isa a buɗe rajistar cike giɓi, inda maƙwabta da dattawan ƙauye za su shaidi wanda ba ya nan, kuma ba a yi hakan ba.

Ya kamata kuma a san iyakar wannan misali. An yi nasara ne domin mutanen suna cikin filaye masu turaku, jimillarsu ba ta kai murabba'in kilomita 100 ba, kuma gwamnatocin biyu suna son amsa ɗaya. Babbar tambayar da ke tsakanin ƙasashen, ta yawan 'yan Bangaladash da ke zaune a Indiya ba takarda ta iyakar da ta kai kilomita 4,096, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙidayar Indiya ta 2001 ta sami kimanin mutum miliyan 3 da suka zo daga yankin da yanzu yake Bangaladash, da yawansu tsofaffin da suka ƙaura tun lokacin rabuwa. A 2004 wani ƙaramin ministan cikin gida na Indiya ya faɗa wa majalisa cewa baƙin haure miliyan 12 ne, daga baya gwamnati ta janye adadin. A 2016 wani ministan ya ce kimanin miliyan 20. Gwamnatin Bangaladash ba ta amince da ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba, kuma babu wata tawagar haɗin gwiwa da aka taɓa turawa ta ƙirga.